Abin da Kawu Jibrin Ya Ji a Bakin Inji

Na dawo Kano wata biyu bayan soja sun miƙa mulki. Shekara shida na yi a Kanada ina koyon gyaran jirgin sama. Na kai takarduna filin jirgi, aka ce in jira sabuwar gwamnati ta zauna da gindinta. Sai na zauna a Zaitawa ina jira.

Gidanmu bango ɗaya ne da rumfar injin niƙan Kawu Jibrin, ƙanen mahaifiyata. Tsohon injin dizal ne mai dogon bel, da duro na ruwan sanyaya shi a baya. Shekara ashirin da biyu Kawu yana tada shi da zarar an idar da sallar asuba. Mutanen gidanmu sun daɗe da daina jin sa. Ni kuwa ina kallon shayina yana rawa a kofi.

Kawu bai kurmance ba, amma ya kama hanya. In ya gaishe ka a soro, na bakin titi ma sai ya amsa. Rediyonsa kullum a ƙure. Matarsa, Inna Kande, ta ce in ya kwanta sai ya yi ta cewa akwai gyare a kunnensa. Likita ya gaya masa ko ya bar inji ko ya toshe kunne. Ya gwada auduga yini ɗaya ya cire. Ya ce da ita ba ya jin bel in ya fara saki, kuma shi da kunne yake tuƙa inji.

A akwatina akwai hedifon irin na matuƙan ƙananan jirage, na saye shi na hannu wajen wani malaminmu da ya yi ritaya. Ba toshe kunne kawai yake yi ba. Yana sauraron rugugin da ke waje, ya ƙirƙiro akasinsa ya aika cikin kunne, biyun su kashe juna. Yana da ɗan akwatin batir da makunni. Na kwance sandar maganar da ke gabansa, na kai wa Kawu ranar wata Asabar, kafin mutane su zo.

Ya juya shi a hannu. "Wannan kuma fa, Mika'ilu? Jirgin za ka ba ni in ja?"

"Sa dai, Kawu."

"Hular fa?"

"Sai ka cire."

"A gaban jama'a?"

Ya shiga gida ya sako ƙaramar farar hula ta saƙa. Na ɗora masa hedifon a kai, na maƙala akwatin batir a aljihunsa. Ya murɗa hannun inji, inji ya yi tari ya kama. Sannan na danna makunni.

Kawu ya juya da sauri ya dubi injin. Ya miƙa hannu ya dafa shi.

"Yana tafiya?"

Na gyaɗa kai.

Ya ɗauke hannunsa daga jikin injin. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta, sai da na matso na kara kunne. Rabon da in ji muryarsa haka tun ina firamare.

"Kamar an ɗauke shi an kai bayan badala," ya ce. "Amma ga bel nan ina ji. Ga farantin niƙa. Har na fi jin su." Ya karkata kai. "Akwai wani ɗan shuu a ciki, kamar ana yayyafi a wata unguwa."

"Haka yake. Za ka saba."

"Yana ɗan danna dodon kunne, kamar na leƙa rijiya. Kuma zai sa zufa."

"In cire?"

"Wa ya ce ka cire?"

Akwai abin da ban gaya masa ba, don ban tuna ba. Rugugi abin yake kashewa. Muryar mutum ba ya taɓa ta sosai. In ma rugugin ya kau, sai murya ta fito fili.

A unguwarmu matan aure ba sa kai niƙa, aikawa suke yi. Amma markaɗen sassafe na masu sana'a ne, kuma su ba sa ba kowa amanar wakensu. Da kansu suke zuwa. Manyansu uku ne: Iya 'Yardada mai ƙosai, wadda ta haura saba'in, da Hajo mai waina, da Mero mai kunu da alale. Inda ukun nan suka kai bokiti, nan sauran mata goma sha wani abu suke kaiwa. Su ne kasuwar Kawu. Abin da ake kawowa da rana bai kai ya tada inji dominsa ba.

Bencinsu taku biyu ne daga inda Kawu yake tsayawa. Nan suke zama, kai da kai, suna ɗaga murya daidai yadda za su ji juna. Na titi ba ya ji, inji ya rufe. Kawu ba ya ji. A lokacin kowa na ta murnar an samu 'yancin magana, rediyo sai muhawara. A bencin nan ko a zamanin soja ba a taɓa rasa shi ba.

Da azahar Kawu ya same ni a soro. Ya zauna, ya ajiye hedifon a tsakaninmu.

"Mika'ilu, abin nan naka yana kawo magana."

"Wace magana?"

"Ta mata."

Na yi masa bayani. Ya saurara har na gama.

"Me ya hana ka faɗa tun da safe?"

"Ban tuna ba. A jirgi so ake a ji magana."

"To nan ba jirgi ba ne."

"Me ka ji?"

Ya gyara zama. "Hajo ta ce ba na wanke inji bayan attaruhu. Wai wainarta ta ranar Talata har da yaji ta fito."

"Gaskiya ne?"

"Ina zuba ruwa."

"Gaskiya ne ke nan. Ka gaya musu kana ji, shi ke nan."

"In dubi Iya 'Yardada in ce na ji abin da ta faɗa a kan surukinta? Kai ka je ka faɗa mata."

"To ka daina kunna shi."

Ya share gari daga jikin soson hedifon da bakin rigarsa.

"Yau gyaren bai yi kuka ba," ya ce.

Ya ɗauki abinsa ya tafi. Ya ce zai riƙa sawa, amma ba zai saurara ba.

Washegari ya sayi soso da sabulu, ya kwance faranti ya wanke tas bayan markaɗen attaruhu. Ranar da ta biyo baya ya sauya riga, don Mero ta ce wadda ke jikinsa ta ga shugabannin ƙasa biyar. Bayan kwana biyu ya kafa dokar layi, wanda ya riga zuwa shi ne a gaba, saboda an ce yana sa Hajo gaba ne don tun suna makarantar allo yake sonta. Hajo ce kaɗai ba ta ji daɗin dokar ba.

Ina zuwa duk bayan kwana uku in sauya batir. Iya 'Yardada, wadda ta yi wasan jika da ni tun ina rarrafe, ba ta taɓa bari na wuce ba.

"Maigida, ka dawo daga Turai ba ko turmin atamfa, sai ka ɗaura wa kawunka kwanuka a kunne?"

"Naki na hanya, Iya."

"Bar shi a hanyar. Shi wannan me yake yi masa?"

"Yana rage masa ƙara."

"Allah sarki. Da ma ba ji yake ba, ga shi an ƙarasa shi."

Kawu yana zuba wake, bai ɗago ba. Na ga gefen bakinsa yana motsi. Ban gyara mata ba. Wannan laifina ne.

A gida kuwa Inna Kande ta ce an sauya mata miji. Rediyo ya sauko. Sallamarsa ta daina tada kaji. Ta aiko min da dambun nama.

Ranar da abin ya fashe ina wurin. Mero ta zo da gero ɗan kaɗan a ƙaramin bokiti, ban da na sana'arta. Na ga ta kara baki a kunnen Hajo tana ɗan ɗaga murya saboda inji, Hajo ta rufe baki tana murmushi. Daga baya na san abin da ta faɗa. Autarta Ummi, da aka kai ɗaki bara, ta samu ciki, ba abin da ke zama mata sai kunun tsamiya. Ko dangin mijin ba su sani ba tukuna.

Cikin fari ba a maganarsa a wurinmu. Mai shi tana ɓoyewa har sai zane ya gaza. Uwa ta sani, ta yi kamar ba ta sani ba. Namiji kuwa ko da idonsa ya gani, ba shi da baki sai ranar da aka ce an sauka.

Kawu ya niƙa geron sau biyu. Ya kashe inji don in sauya batir, ya miƙa wa Mero bokitinta, fuskarsa cike da fara'a.

"Na yi mata shi da laushi sosai," ya ce. "Allah ya raba lafiya."

Matan duk suka juyo suna kallonsa. Ana jin ruwa na ɗiga daga bakin inji.

"Wa?" in ji Mero.

Kawu ya saki bokitin. Hannunsa ya tafi kan hedifon da kansa.

Iya 'Yardada ta dube shi, ta dubi sabuwar rigar, ta dubi soson da ke rataye a ƙusa.

"Jibrin. Tun yaushe?"

"Tun Asabar, Iya."

"Wace Asabar?"

"Ta wancan makon."

Na ga tana lissafin kwanakin a ranta, da abin da aka faɗa a kowace safiya. Hajo ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Har da ta ranar Laraba?" Hajo ta tambaya.

"Ban saurara ba," in ji Kawu. "Shigowa take yi."

Iya 'Yardada ta miƙe, ta ɗora bokitin wakenta a ka, ba a markaɗa ba. A bakin ƙofa ta tsaya a gabana.

"Kai kuma na sake ka," ta ce. Ta wuce. Sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wani inji a Kabara. Da nisa ga tsohuwa mai bokiti a ka, kuma mai shi ba ya fitowa da wuri. Can suka koma. Ƙosan Iya ya riƙa makara, masu jiran waina suka riƙa tsaki, amma ba wadda ta waiwayo.

Kawu ya kawo min hedifon a ƙulle cikin leda.

"Ajiye kayanka. Na gode."

"Kunnen fa?"

"Kunne ba ya zuba wake a inji."

Kwana huɗu yana tada inji da asuba, kansa ba komai sai hula, ya tsaya a bakin ƙofa don duk mai wucewa ya gani. Ba wadda ta zo. Ya bar shi ya yi ta rugugi a banza na ɗan lokaci, ya kashe. Rana ta uku rediyonsa ya koma ƙurewa.

Rana ta huɗu Inna Kande ta aiko a kira ni. Na same ta tana tankaɗe.

"Kai ka ɗaura, kai za ka kwance," ta ce.

"Ya ce ba zai ƙara sawa ba, Inna."

"Shi ya faɗa. Ni ban faɗa ba. Gyaren ya dawo, ihun ya dawo. Kuma in matan nan suka saba da Kabara, injin nan sai dai a sayar da shi a kilo. Jeka wajen Iya ka ce ina gaishe ta, ina roƙon ta zo gobe. Ka tafi da abin, ta gan shi da idonta."

Na je. Iya na bakin kasko, ta bar ni a tsaye har ta kwashe zubi biyu.

"Wanda aka saka me yake nema a ƙofar gida?"

"Biko na zo."

"Ba ko goro?"

Na buɗe ledar. Ta leƙa kamar mai duba mataccen ɓera. Na isar da saƙon Inna, na ƙara da cewa laifin nawa ne, ni na san abin yana kawo murya ban faɗa ba.

"Na sani," ta ce. "Jibrin ba shi da wayon wannan." Ta juya ƙosai. "Don Kande zan zo. Ba da bokiti ba."

Da safe suka zo su uku, hannu ba komai. Kawu ya share rumfa har sau biyu. Inna Kande na tsaye daga cikin soron gidansu, bayan labule, inda muryarta za ta iso.

Kawu ya fara. "Iya, na yi kuskure. Mero, ki yafe ni, wallahi ko Kande ban gaya wa ba. Abin nan kuma na bar shi har abada. Ku dawo, a koma yadda ake."

"Bai isa ba," in ji labule.

"Kande, ana magana."

"Maganar nake. Ku kuna da inji a Kabara. Ni ba ni da wani mijin a Kabara. In ya kurmance ni zan zauna da shi."

Mero ta yi dariya ba ta shirya ba, ta maida fuska.

Iya 'Yardada ta miƙo hannu. "Kawo in ji abin da ya ji."

Na ɗora mata a kan ɗankwali, na sassauta shi don kada ya matse ta. Ta tsaya daidai inda Kawu yake tsayawa. Kawu ya tada inji. Ta yamutsa fuska. Na danna makunni.

Fuskar ta saki. Ta dubi inji, ta dubi rufin rumfa, ta dube ni.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Ashe shekara ashirin a cikin wannan muke zaune." Sannan ta nuna benci. "Ku zauna. Hajo, faɗi wani abu yadda kika saba."

Hajo ta zauna, ta karkata wajen Mero. Ina tsaye kusa da su, na ji.

"Ƙosan Iya mai ya yi masa yawa."

"Wainarki ce dai ke kwana ta tashi," in ji Iya daga can, ko juyowa ba ta yi ba.

Hajo ta dafe ƙirji. Mero ta ce, "Shi ke nan, mun mutu tun tuni."

"Maigida, ja bencin nan baya," in ji Iya.

"An maida ni ke nan?"

"Ja benci."

Na ja shi bakin ƙofa. Suka sake zama. Hajo ta gyara murya, yanzu ta fara jin daɗin aikin.

"Ranar sunan jikan Ladi, Iya ce ta cinye min goro. Na gan ta."

"Ke kika ajiye shi a gabana kika tafi tsegumi."

Na ja shi gefen hagu, jikin bango. Hajo ta ce Iya ta rage shekarunta biyar a wajen rajistar zaɓe. Iya ta ce uku ne. Na ja shi dama. Nan ma ta ji, ta kuma rama.

Saura wuri ɗaya, bayan duron ruwa, inda bututun hayaƙi yake fita. Wurin da ɗumi, kuma hayaƙi na dawowa. Na yi wa Kawu alama da hannu cewa zan iya ƙara wa bututun tsawo ya fita ta rufi. Ya gyaɗa kai da sauri. Na kai benci can. Daga nan duro ya tare su, ko bakinsu ba a gani daga wajen inji.

Hajo ta fara da ƙaramar magana. Shiru. Ta leƙo, ta ga Iya a tsaye, ido a lumshe, hannu a baya. Ta koma ta ƙara wata, mai ɗan nauyi. Shiru. Daga nan ta saki jiki. Ta daɗe tana magana, tana lissafawa da yatsu. Ni na matsa gefe, don wasu abubuwan sun girme ni. Mero ta yi dariya har ta zamo daga benci ta zauna a ƙasa.

Kawu ya kashe inji.

"Ƙila tana ji ta yi shiru," in ji Hajo.

Mero na share hawaye. "Da ta ji ta ƙarshen nan, da yanzu ana raba ku."

Iya 'Yardada ta buɗe ido. Na miƙa hannu in cire mata hedifon, ta buge hannun.

"Dakata mana. Wa ke korar ka?" Ta ƙara jim kaɗan, sannan ta cire da kanta, ta shafa kunnuwanta. "Yana sa zufa. Amma soson da laushi." Ta miƙa wa Kawu. "Sa abinka, Jibrin. Benci ya zauna can. In ka ga mun taso nan, to magana ce da muke so ka ji."

"Na gode, Iya."

"Kuma maganar yarinyar nan," in ji Mero, "ba ka ji ba."

"Wace yarinya?" in ji Kawu.

"Yauwa."

Iya ta zagaya bayan duro ta duba wurin, ta ce hayaƙin nan a gyara shi yau, ba gobe ba. Na ce to. Sannan ta juya ga Mero.

"Me ta ce a ƙarshe?"

"Cewa ta yi duk Zaitawa ba mai ƙosai kamarki."

"Ƙarya kike."

"To ki tambaye ta."

Hajo ta riga ta kai bakin ƙofa. "Bari in ɗauko shinkafata," ta ce, "kada wata ta riga ni layi."

Iya ta bi bayanta tana kiran sunanta. Kawu ya shiga gida neman farar hularsa, ni kuma na tafi neman bututu.